Jar Karsana da Tirelar Uazuva

Swakopmund, farkon Nuwamba

Zuwa ga maigidana Gotlieb,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa, ya jikin naka? Ina fata ƙugun ya fara sabawa da ƙarfen da likitocin Windhoek suka sa masa, kuma kana cin abincinsu ba tare da ka zagi mai dafawa ba. Mu nan lafiya lau, sai hazon teku da ciwon gwiwa. Takarda na rubuto saboda in na kira ka a waya, duk masu jinya a ɗakin suna jin sirrinmu, kai kaɗai ne ba ka ji.

Tsoho, ɗanka Uazuva zai kashe ni da takaici kafin ka dawo.

Tsohuwar tirelar nan da yake ja da a-kori-kura, wadda yake loda baburansa masu ƙafa huɗu ya kai wa baƙi bakin tuddan yashi, ta mutu. Gishirin teku ya cinye gindinta, babur ɗaya ya zurma har ya taɓa ƙasa. Dole a sayi wata kafin Disamba, lokacin da masu yawon buɗe ido ke cika gari. Har nan babu faɗa. Amma ka tuna da wannan tirelar muka shirya ɗaukar jar karsanarka daga garkenmu na Omatjete zuwa gidan amarya a Okakarara ranar auren jikanmu Vekondja. Ita ce ka ware tun tana maraƙi, ka ce ita ce sadakin da za ta shiga garken surukai da ƙafarta. Shi ya sa da na ji shi da Vekondja za su Walvis Bay zaɓen sabuwa, na ci ado, na zuba fatari kan fatari, na ɗaura kallabina na gargajiya mai ƙaho biyu irin na saniya, na riga su shiga mota.

Mai sayarwar wani Bature ne mai gajeren wando, ƙafafunsa jajir kamar an ɓare su. Iri uku ya nuna mana. Ta farko akwati ce mai rufi, wai don kada hazo ya taɓa babura. Na ce a buɗe in shiga. Ina sa kai ƙahon kallabina ya daki bakin ƙofa. Na ce to, in ni da ƙahon yadi ban wuce ba, ina ga mai ƙahon gaske? Vekondja ya juya baya yana tari, na san dariya yake ɓoyewa.

Ta biyu ita ce ta sace zuciyar ɗanka. Shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ba shinge, ba bango, ana hawa da babura ta gefe, guda huɗu su jeru. Ya yi ta shafa ta kamar amarya. Ta uku kuwa mai tayoyi huɗu ce, da shingen ƙarfe har kafaɗata, da ƙyauren baya da ake saukewa ya zama gadar hawa. Na hau, na taka, na yi tsalle iya tsallen tsohuwa, ko motsi ba ta yi ba. Laifinta ɗaya, babur uku take ci.

Ɗanka ya ce, "Mama, baƙina huɗu-huɗu suke zuwa, uba da uwa da 'ya'ya biyu. Ni babura nake ɗauka, ba shanu ba." Na ce, "Da nonon wa ka girma, ɗan nema? Na babur?" Baturen ya tambayi Vekondja me kaka ke cewa, shi kuma ya ce wai ina yaba fentin.

Mun dawo ba a sayi komai ba. Ka rubuto masa, ko ka sa wata daga cikin masu farin kayan nan da na ji kana yi wa murmushi ta rubuta maka. Na ji labari, kada ka ɗauka nisa ya toshe min kunne.

Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Ewaldine

Swakopmund, ƙarshen Nuwamba

Baban Uazuva,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Na ji daɗi da aka ce ka fara takawa da sanda, ko da yake sun ce ba za su sake ka ba sai bayan sabuwar shekara. Ke nan auren nan ba da kai ba. Na yi kukana na share, ba wanda ya gani.

Wasiƙarka ta iso, ɗanka ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Washegari ina coci wajen taron mata, na dawo na tarar da shimfiɗaɗɗiyar nan a tsakar gida tana ƙyalli. Ya saya! A bayan idona, Gotlieb, ranar da ya san bakina na can yana waƙa!

Na tambaye shi a ina karsana za ta tsaya, ko riƙe ta zai yi a cinya? Ya ce in kwantar da hankali, zai yi hayar motar shanu. Ya buga waya ko'ina. Wa zai ba ka motar shanu a Disamba, watan da kowane gida ke aure? Duk an kama. Sai ya zo da sabuwar dabara, kuma gara ka zauna kafin ka karanta. Wai a kai wa surukai babur ɗaya maimakon karsana, tunda ya fi ta daraja a kasuwa, kuma za su riƙa zagaya garke da shi.

Na ce, "Babur yana haihuwa? Ana tatsarsa? In an kai amarya gaban wutar kakanni, me za a ce musu, ga jikarku mun karɓa, ga kuma abin da ke tusa da hayaƙi mun bari?" Ya ce zamani ya canza. Na ce zamani bai kai Okakarara ba, kuma ko ya kai, Kaevarua zai tare shi a bakin shinge. Ka san Kaevarua, kawun amarya, wanda ke duba haƙoran saniya kafin ya amsa gaisuwar mai ita. Mutumin nan ne za a tura wa babur? Har jikokin jikokinmu sai an yi musu gori da shi a wurin makoki.

Abin da ya fi ƙona min rai Vekondja ne. Aurensa ne, amma ya tsaya yana goge fitilar babur kamar ba da shi ake ba. Ban ga laifinsa sosai ba, a hannun ubansa yake ci. Daga baya ya same ni a madafa ya ce, "Kaka, amaryata Tuaundja ta ce in babu saniya kawunta ba zai buɗe shinge ba, ita kuma ba za ta tsallake ba." Na ce ya je ya ci gaba da goge fitilarsa.

Kada ka ce na cika faɗa. Na san yaron nan da gumi ya tara baburansa, na san watan Disamba ne yake samun abin da za mu ci har sanyi ya wuce. Amma ka ba da kalmarka, kuma tunda kana kwance, a wuyana take.

Ka ci abinci, ka daina ɓoye ƙwayoyin magani a ƙarƙashin matashi.

Matarka,
Ewaldine

Swakopmund, Disamba

Tsohona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki? In wani ya nuna maka hotona a waya, kada ka firgita, ban haukace ba.

Ranar Asabar da safe Uazuva yana da baƙi, wasu Jamusawa iyali guda, suna jira a bakin yashi. Ya fito zai yi lodi, ya tarar da ni a tsakiyar tirelarsa, kan kujerata, da lema, da butar shayi, da ɗinkina a cinya. Rigata kaɗai ta cinye wurin babur biyu.

Ya ce, "Mama, sauko don Allah." Na ce ni karsana ce, ina jiran a kai ni Okakarara, ya ja mu tafi. Ya ce ai zan faɗo. Na ce, "Au, ashe ana faɗowa?"

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya zagaya gida ya dawo. Ya ce wa Vekondja su ɗaga ni da kujerar. Na ce duk wanda ya taɓa ni ya shirya bayani a gaban ƙannenka da duk dangi. Vekondja ya ce bayansa na ciwo. Maƙwabta suka fito bakin katanga, har matar nan mai gasa nama a kusurwa ta aiko min da tsoka biyu, wai in ƙara ƙarfi. Da baƙin suka gaji da jira suka biyo sawu har gida, suka ga ni, suka manta da yashi. Matar ta roƙi ta hau mu yi hoto. Na matsa mata, na kuma zuba mata shayi, ba a ce ban iya karɓar baƙi ba. Ɗanka yana tsaye yana yi musu murmushi, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke.

Da rana ta take, ya zo ya zauna a bakin tirelar, ya cire hula, ya ce, "Me kike so?" Na ce shinge. Ya ce to, amma irin wanda ake cirewa a mayar, don bayan biki ya ci gaba da lodinsa ta gefe. Na ce na ji.

Ya kira mai walda, sannan shi da baƙinsa suka hau babura daga nan gida suka nufi yashi. Ni na tsaya a kan aikin. Na ce da mai waldan, yaro, abin da ake cirewa ana iya mantawa da shi a gida ranar da ake buƙata, ka liƙe shi liƙewa ta har abada. Ya ce ba haka mai gida ya ce ba. Na ce ni na haifi mai gidan. Ya liƙe, ya yi ƙyaure a baya, ya shimfiɗa katako don kada kofato ya zame.

Yanzu babur uku take ci, kuma ɗanka ba ya cin abincina. Zai huce. Jibi mu wuce Omatjete.

Ka yi mana addu'a a hanya.

Taka har kullum,
Ewaldine

Swakopmund, Janairu

Maigidana abin kewata,

Barka da sabuwar shekara. Ya jiki, ya kaɗaici? Sun ce sati mai zuwa za ka dawo, na riga na shanya bargonka.

Karsanarka ta shiga garken surukai da ƙafarta, Gotlieb. Wannan na fara faɗa maka don ka yi barci. Ta yi tafiyar nan a tsaye, kanta sama, ko ƙwarzane babu. Da muka sauke ƙyaure ta sauko a hankali kamar matar fasto, mata suka ɗau guɗa. Kaevarua ya zagaya ta, ya buɗe bakinta, ya ɗaga wutsiya, ya nemi abin kushewa ya rasa, sai ya ce kunnenta ɗaya ya fi ɗaya. Na ce haka ma nasa. Aka buɗe shinge. Tuaundja ta fito a lulluɓe, jikanka ya rasa inda zai sa hannuwansa. An ambaci sunanka a gaban wutar kakanni, na amsa a madadinka.

To amma ka ji rashin kunya. Da Kaevarua ya gama zagaya saniya, sai ya koma zagaya tirela. Ya girgiza shingen, ya ga ko gezau. Ya dubi Uazuva ya ce, "Suruki, wannan aiki ya yi. Ina da bijimi da zan kai kasuwa ranar Talata." A ranar biki, a gaban mutane, naman gidansu na bakinmu. Wane sabon suruki ne zai ce a'a? Ɗanka ya ce, "Ai taku ce, kawu," muryarsa kamar an shaƙe ɗan akuya. Muka dawo da a-kori-kura ba wutsiya.

Tun ranar ban sake ganin tirelar ba. Daga kasuwa ta wuce auren wani ɗan ƙanwarsa a Otjinene. Daga can aka yi rasuwa, ta kai sa biyu gidan makoki. Jiya na buga wa Kaevarua waya da kaina, ya ce ai yanzu mun zama gida ɗaya, kuma akwai wata da ta riga ta sa baki don Asabar. Gida ɗaya! Mutumin da ko ƙusa ɗaya bai sa a jikinta ba! Na ce da aka ce a ba ku saniya, ba a ce har da abin da ta hau ba. Ya yi dariya ya ce a gaishe ka.

Shi kuwa Uazuva ya ƙare hutun nan yana aron tirelar maƙwabci in ta samu, in ba ta samu ba ya mayar da baƙi. Ya rame. Ina ganinsa raina na ɓaci, kuma duk laifin mutanen Okakarara ne, marasa ta-ido.

Ɗazu ya shigo madafa, ya ɗauki kwanon da na rufe masa, ya cinye tas. Sannan ya ce sai dai a nemi wata tirelar, ko ta hannu ce, kuma tunda na fi kowa sanin tirela a gidan nan, wace iri zai saya? Na ce shimfiɗaɗɗiya, marar shinge, wadda ko kaza ba za a iya ɗaurewa a kanta ba, kuma kada ya bar mai walda ya kusance ta. Ya dai kalle ni, irin kallon naka sak, ya ɗauki hularsa ya fita.

Kada ka yi dariya, ɗinkin ƙugunka zai ɓalle.

Ina jiranka.

Matarka,
Ewaldine