Binnen Geron Kakana

Lahadi, 28 ga Afrilu, 2024, Bakura

Ban je sujada ba. Matata Gimbiya ta tafi ita kaɗai, ta dawo wai Fasto ya yi wa'azi kan Ayuba. Ayuba! Shi ai an mayar masa da garkensa ninki biyu. Ni wa zai mayar mini da Isa? Ɗana guda, 'yan bindiga sunka harbe shi bakin rumbu a Damaga, sunka cinna wa rumbun wuta. Abin da na fito da shi, gora ɗaya ta irin gero. Irin kakana ne, mai gajeruwar zangarniya, ruwa kaɗan ya ishe shi. Duk ƙasar nan babu mai shi yanzu sai ni.

Talata, 7 ga Mayu

Mun ci kasuwar Mafara da Sallau, wanda ya sauke mu gidansa, ya kuma yanka mini gona. A hanya ya ce, "Jatau, kowa ya fara binne, kai mi kake jira?"

Na ce zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ai amana ce. Ni kuwa na ba Allah amana, na ga yadda ta ƙare.

"Subhanallahi! Tsoho, ko a cocinku ba a faɗin haka."

Na ce ba coci ta faɗa ba, ni na faɗa. Ya ce taurin kaina ya fi na jakinsa. Jakin ya fi shi hankali.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ko gajimare ɗaya babu. Dama na sani.

Lahadi, 12 ga Mayu

Fasto ya zo har gida. Yaro ne. Ran da munka kafa rumfar sujadarmu ta farko a Damaga, ni na ɗauko zana a kaina, ba a ko haifi uwarsa ba. Duk wanda anka rufe bayan rumfar nan na san sunansa da inda kansa yake. Yau ciyawa ta cinye su, ba mai zuwa.

Wai, "Baba, Yesu ma ya yi kuka kan gicciye, ya ce don me aka yashe shi." Na ce shi rana ta uku anka amsa masa. Ya sha ruwa, ya zauna har rana ta karkata. Zaman nasa ya fi wa'azin.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na buɗe gorar, ƙwari sun shiga, har gari ya fara fita. Tokar da na zuba ba ta hana ba.

Gimbiya ta ce, "Baban Isa, in ba ka ba ƙasa ba, ƙwari ka ba. Ko in dama mana fura da shi kowa ya huta?" Na daka mata tsawa, na ce ba ta san abin da na rasa ba.

Ta ce, "Ni na haife shi."

Ban ci tuwo ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Na yi binne. Saboda ƙwari ne, kada wani ya ce wani abu. Ina sara da sungumin Sallau, Gimbiya tana bi tana zubawa, tana rufewa da diddige, yadda Isa kan yi.

A ramin farko babana kan ce, "Ubangiji, ga ajiya." Ban yi niyya ba, baki ne da sabonsa. Gimbiya ta ce amin, na yi kamar ban ji ba.

Na so in rage rabi. Ko da na girgiza gorar a ƙarshen gona, wayam.

Ba mu shirya da Shi ba, ya sani. Sama fes, har yanzu. Na dai ce wa Gimbiya ta jawo randa ƙarƙashin indararo.