Kyanwar Auta

Ina cikin hankalina, nas ce shaida, wayarta take ɗaukar muryata tunda ban iya rubutu ba. Anjima za su shiga da ni tiyata. In ban fito ba, gidan baffanku za ku koma, to ku ji.

Na farko, ke babbarsu. Kin san in numfashin Auta ya toshe, cewa yake kyanwa ta zo, saboda gurnanin da ƙirjinsa ke yi. Ni na ƙirƙiro masa don kar ya tsorata. Mu huɗu kaɗai muka san maganar nan. A can in ya faɗa, mage za su tashi nema, yaro yana shiɗewa. Wannan ya fi wuƙar likita ba ni tsoro. Ranar da kuka sauka, kafin ki kwance kaya, ki gaya wa matar baffa dalla-dalla: asma ce, abin shaƙarsa shuɗi ne, yana aljihun jakar makaranta.

Na biyu, kai Dogo. "Ya ne, tsohuwa?" da ka ce wa gwaggonka, har yau ba ta gaishe ni, wai ban iya tarbiyya ba. Ka je ka durƙusa. Ban hana ka yaren abokanka ba. Mu ma a da muna da namu a shagon ɗinki, don kar mai shago ta gane gulmarmu. Yanzu in na faɗa dariya kuke min, wai ya tsufa. Naka ma zai tsufa. Ka yi shi a filin ƙwallo, in ka zo gaban manya ka cire shi tare da takalmi.

Keken ɗinki na babbarku ne, zarensa na tsinkewa in an yi gaggawa. Bargona a ba Auta, kar a wanke da wuri.

Maganganunmu na ɗaki kuwa, kar ku yar. In kun keɓe ku uku ku yi abinku, da su za ku san ku 'yan ɗaki ɗaya ne. Kar ku yarda a rarraba ku.

Allah ya yi muku albarka, ya raya min ku. Ga su nan sun turo gadon. Babbarsu, maimaita: shuɗi, aljihun jaka.