Injin da ya mutu da ɗiyata a sama

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke kula da jirgi mai saukar ungulu na ma'aikatan agaji a Diffa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a bakin kogin Komadugu, kuma uban Falmata, ungozomar da jirginku ke kaiwa Bosso tun da hanya ta lalace.

Na fara da godiya ga Allah. Ranar Talata da hantsi injin jirginku ya mutu a sama kusa da garin Toumour. Matuƙin, Allah ya yi masa albarka, ya hango jan fili inda aka shanya tattasai, ya dire a kai. Mutum shida suka fito suna atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe, ko ƙwarzane babu. Da Falmata ta shigo gida, uwarta ta rungume ta, ita ma ta kama atishawa. Muka yi dariya, muka yi kuka.

Amma ina da magana.

Na ɗaya, mun ji makanikenku ya rubuta tun tuni cewa matatar iskar injin ta gaji da yashi, aka ce ya lallaɓa har sabuwa ta iso daga Yamai. Lallaɓawa? Haba, ranka ya daɗe! Ni da nake gyaran injin gona ba na lallaɓa matatar iska. In nawa ya mutu, tattasai ne zai yi yaushi, in zauna gindin itace in kwance shi. A sama ina gindin itacen?

Na biyu, an ce shi makaniken ake shirin kora. Mutumin da ya faɗi gaskiya kenan.

Roƙona: ku bar shi a aikinsa, ku ba shi ikon cewa yau jirgi ba ya tashi, kowa ya ji. Kayan gyara kuma su zauna a Diffa kafin a buƙace su.

Na hana Falmata komawa, ta ƙi, wai mata masu ciki na jiran ta. Ranar Litinin za ta sake hawa, ni zan kai ta filin jirgi da kaina. Shanyar tattasan da ta cece su kuwa an kwashe ta jiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ji.

Wassalam.
Mai gyaran inji, Diffa.