Idon Malam Na Dama

Ƙanƙara, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Barakatu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya.

Ba hira ta sa na ɗauki biro ba. Idon babanku na hagu ya tafi tun bara, kin sani, yanzu na daman ma ya fara hazo. Shekara goma sha huɗu kina leƙen idon ɓeraye da sunan bincike a ƙasar Turawa, ana kiranki farfesa, mahaifinki kuma yana lalube a tsakar gidansa. Ilimin da bai amfani iyaye ba ban san sunansa ba.

Ƙanensa, Baba Mas'ud, ya samo wani mai cire yanar ido da tsinken ƙarfe, wanda ya buɗe wa wani tsoho ido a Mabai. Zai zo ranar kasuwa. Malam, babanku, ya yarda, don ya gaji. Ni dai na tuna kin taɓa ce mini ciwon siga irin nasa ba yanar ido yake sawa kaɗai ba, yakan kumbura tantanin da ke can bayan ido, inda tsinke ba ya gyarawa. Idan gaskiya kika faɗa, ki yi magana kafin kasuwa ta ci.

Mahaifiyarki,
Hajiya Talatu

Ƙanƙara, 29 ga Mayu

Zuwa ga Barakatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin jikana Salim ya sauka. Ki daina ba yaro ruwan sanyi.

Kin ji labari ta waya a gutsure, ga shi cikakke. Bayan kin kira kin hana, duk da haka mai tsinken ya zo har zaure da jakarsa. Na sa hijabi na tsaya a bakin ƙofa, na ce sai dai ya fara da nawa idon. Baba Mas'ud ya ce boko ya lalata ni tun ina sakandare, yanzu ina fifita maganar yarinya a kan ta manya. Ban matsa daga bakin ƙofar ba. Malam bai ci tuwona ba kwana biyu.

A asibitin da kika tura mu, likitan, Dakta Abdulgafar, ya ɗauki hoton bayan idon, ya nuna mini kumburin kamar ruwa ya kwanta a fadama. Ya ce babu wata yana, da tsinke ya shiga, da idon ya tafi ke nan. Da ya ga sunan Malam a kati ya gane mahaifinki ne, sai ya miƙe tsaye. Ashe shekara uku ya yi a ƙarƙashinki, kuma gwajin da ya yi don ya zaɓi allurar da ta dace daga bincikenki ya koye shi. Ya kira abokan aikinsa suka cika ɗakin, suna gaishe mu kamar mun dawo daga Makka. Na sunkuyar da kai na ce ai kowa da ɗansa. Malam kuwa babu kunya, har da ba su labarin yayenki.

Allura uku aka yi masa a cikin idon. Maganar ɓeraye na janye ta, amma kada ki ɗauka ke kika warkar. Allah ne, ke sanadi ce, kuma har yanzu ba ki zo gida ba.

Yanzu yana tafiya masallaci shi kaɗai, yana karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe. Baba Mas'ud ya aiko a tambaye ki ko likitan zai duba matarsa. Jiya da hantsi Malam ya ƙura mini ido ya daɗe, sannan ya ce yaushe na yi furfura haka. Na ce masa shekara uku ke nan, shi ne bai gani ba.

Allah ya yi miki albarka. Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki,
Hajiya Talatu