Kwalbar Ƙasar da Ka Ɗauke a Ƙofata

Zuwa ga Ciyaman na ƙungiyar 'yan Najeriya mazauna benenmu na unguwar Cheras,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya.

Ranar Litinin da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina ƙasa a shagon mamak, wato wurin mai shayi da abinci, ina jiran shayi, ka zo ƙofar ɗakina ka ɗauke wata jakar takarda. Ka saka hotonta a gurup ɗinmu, ka rubuta cewa an kama asiri, kowa ya dage da addu'a. Na yi ta kiranka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na biyo ka inda ka saka hoton.

Na ɗaya. Abu uku ne a jakar: 'yar kwalba mai ƙasa, jan fure na ƙyalle, da hoton saurayi cikin kakin soja. Na yarda, ni ma da a ƙofar wani na gan su, da sai na ja da baya. Amma ba nawa ba ne. Na Mama Helen ne, tsohuwar nan 'yar Kanada da ta kama ɗakin kusa da nawa na mako biyu. Za ta je garin Melaka, tana tsoron masu shara su zubar mata, ta bar mini ajiya a ƙofata kafin in hawo. Dariyar da na yi da na tuna don gudun ɓata ta ba ni ajiyar, Allah ne kaɗai ya sani.

Na biyu. Saurayin ƙanin mahaifinta ne, sunansa Tomas. Ɗan manoma ne, ya shiga sojan sama a Yaƙin Duniya na Biyu, yana kula da rediyo a jirgin da ke jefa wa mayaƙa kaya a dajin ƙasar nan. Jirgin ya faɗi dab da ƙarshen yaƙin, bai kai shekaruna ba. Yana kwance a ɓangaren sojoji na makabartar da muke wucewa kullum a bas. Na je na karanta dutsen kabarin da idona kafin na rubuta wannan, domin ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba.

Na uku. Ƙasar da ke kwalbar ta gonar su Tomas ce. Mahaifiyarsa ta rasu tana cewa ɗanta ya kwanta a ƙasar da ba ta san shi ba, a kai masa ta gida. Babu wanda ya samu zuwa sai Mama Helen, da sandarta. Furen kuwa irin wanda suke maƙalawa ne don tunawa da sojojin da suka mutu.

Na huɗu. Ga masu cewa a gurup na gama digiri na rasa aiki, na koma neman Bature soja ta bayan gida: aikin dai ina nema, gaskiya ne. Amma wanda ke hoton ya rasu tun kakata ba ta yi wayo ba. Kuma don Allah wadda ta tura wa yayata hoton a Kano, ta tura mata wannan ma.

Roƙona kaɗan ne. Jirgin Mama Helen ranar Asabar zai tashi, kuma ta faɗa mini gwiwoyinta ba za su sake wannan tafiya ba. Mun shirya zuwa makabarta ranar Juma'a da safe. Ka dawo da jakar kafin nan, ka goge hoton. Ba na neman ban haƙuri.

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ko kwalbar tana nan yadda take. Wasu sun ce an tofa mata addu'a, wannan ba komai, ban ga abin da zai rage wa Tomas ba.

Ko gaskiya ne an juye ƙasar a tukunyar furen bakin lif ɗin hawa bene. Idan haka ne, tukwanen huɗu ne, a gaya mini wacce. Ina da cokali.

Yadda Mama Helen ta wuce filin jirgi da kwalbar. Ban tambaya ba.

Da abin da zan ce mata gobe. Ta dawo jiya, ta tambayi ajiyarta, na ce tana hannun shugabanmu. Ta dafa ƙirji ta ce lallai mutanenmu sun san darajar mamaci, tunda babba da kansa ya karɓi ajiyar. Ta ce in tambaye ka ko za ka raka mu, ka riƙe mata kwalbar a mota, domin hannunta yana rawa.

Na ce mata zan tambaya. Ga shi na tambaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya zuri'a, ya sa mu ma a samu mai tunawa da mu.

Wassalam,
Rukayya, hawa na tara.