Ina Neman Mahaifina a Cikin Tsofaffin Kyamarori

Frau Lindhorst, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Babana ma'aikaci ne a masana'antar kyamara a nan Braunschweig, irin mai ido biyun nan da ake riƙewa a ciki, a sunkuya a leƙa ta sama. Ya rasu ina shekara tara. Ko hotonsa ɗaya ba mu da shi, kullum shi ke ɗaukar mu. Abin da na fi tunawa tsakiyar kansa ne, da ƙamshin man inji a rigarsa.

Mama ta taɓa ce mini yakan karce ƙaramin harafin K a cikin murfin duk kyamarar da ya haɗa. Tun da ta rasu nake bin kasuwannin gwanjo. Na tara ashirin da uku, har da ta kafin yaƙin duniya na biyu. Duk wadda na buɗe, ba komai a murfin. Wani tsohon mai gyara a Hannover ya ce shekara arba'in bai taɓa ganin alamar ba. Mijina Detlef mutumin kirki ne, amma ranar Lahadi ya ce ya gaji da shan kofi shi kaɗai ina can wajen matattu. Shekarata sittin da ɗaya. Na haukace ne?

Mai kewa, Braunschweig

Ya ke mai kewa,

Ba ki haukace ba. Yarinya ce 'yar shekara tara take son ganin fuskar babanta, ba abin kunya a ciki.

Amma Detlef ma yana da gaskiya, kewarki yake yi alhali kina raye. Kuma ki shirya wa wannan: wataƙila mamanki ta faɗa ne don ta sanyaya miki zuciya. Kyamarorin nan dubbai ne, sun bazu duniya.

Ki bar ƙarfe, ki nemi mutane. Waɗanda suka koyi aiki a zamaninsa wasu na nan da rai, sun haura tamanin, ba za su jira ki ba. Ki sa cigiya a jaridar gari da cikakken sunansa. Ma'aikatan kyamara ba sa rasa hotunan juna.

Ki tafi da Detlef, shi ya tuƙa motar. Ina miki fatan wani tsoho ya buɗe ƙofa ya ce kin yi kama da babanki.

Frau Lindhorst