Addu'ar Rufe Taro

Talata da dare, Kafanchan.

Tuwo ya ƙi shiga. A kwalejinmu ta aikin jinya, babba cikin malamai ke rufe taro da addu'a, kuma Mama Saratu ke yi tun ina ɗalibarta. Ita ta koya mini riƙe allura. Yanzu an tsallake ta an ƙara mini girma, wai shekarunta na asibiti ba sa cikin lissafi.

Na yi mata alkawari zan yi magana a kan batun a taron yau. Ban ce uffan ba. Sai shugaba ya ce, "Rifkatu, ke ce babba yanzu, rufe mana." Na miƙe, har da roƙon Ubangiji ya kawo adalci. Ni da bakina!

Amin ɗin Mama ya fi na kowa ƙarfi.